Dzarma Mai Jaka da Soket ɗin Ya Bintu

In ka shiga Kasuwar Kifi ta Baga Road ka tambayi Dzarma Manasse, kallon ɓataccen baƙo za a yi maka. Ce musu Mai Jaka. Nan take za a nuna maka rumfa ta uku a layin masu banda, inda wani dogon mutum yake zaune cikin tulin busasshen kifi yana ƙwanƙwasa kwamfuta, ƙudaje na taya shi aiki.

Asalinsa ɗan wajen Biu ne. Mahaifinsa malamin coci ne da ake ta yi wa canjin wuri, shekara biyu nan, shekara ɗaya can, har yaro ya tashi bai taɓa shan mangwaron da ya shuka ba. Da ya girma sai ya mai da larura ado. Ya samu aikin gyara wa wasu Turawa shafukan kasuwancinsu a intanet, aikin da ba ya neman ofis, wuta da netwok kawai. Wata uku a Jos, wata biyu a Legas, har Kwatano ya leƙa. Abin taƙamarsa guda ne: duk abin da ya mallaka a duniya yana shiga baƙar jakarsa ta goyo. Ko bokiti ba shi da shi. Yakan ce yana da abokai dubu huɗu, kuma bai yi ƙarya ba, suna nan cikin waya, ba wanda ya taɓa miƙo masa ruwa.

Gwaggonsa Talatu ce ta jawo shi Maiduguri. Ta koma Jos tun da gari ya yi zafi, ta bar ɗaki a kulle a unguwar Mairi, ta ce ya je ya duba ko gara ta rage mata wani abu. Ya ce sati shida zai yi. Bawan Allah ya iya zaɓen lokaci kuwa: shekarar da aka fasa turakun lantarki ce, gari ya yi wata da watanni babu wuta. Mai yawo ƙasa-ƙasa ya koma yawo unguwa-unguwa, yana bin ƙarar janareta kamar akuyar da ta hango mai dusa.

Wata rana Gwaggo ta ce ya aiko mata da banda. A tsakiyar kasuwa ya ciro waya don ya tambaye ta wane iri, sai ya ga netwok ya cika taf. Ya ɗaga kai, ga sola a rufin wata rumfa, ga soket a ƙarƙashin fanka. Mai rumfar tsohuwa ce Babarbariya, Ya Bintu, wadda ta baro Baga da zanen jikinta lokacin da garin ya watse, ta sake tayar da sana'arta daga kwali ɗaya.

"Ɗan nan, kifi kake so ko bangon? Tun ɗazu shi kake kallo."

"Mama, ko zan ɗan sa caji?"

"Sa. Da akwai inda ake sa wa mutum caji da kai na fara jonawa. Dubi wuya kamar na zalɓe."

Sati shida ya zama wata huɗu. Kullum da safe a binciki jakarsa a ƙofar kasuwa, ya toshe kunnuwa da abin jin magana, ya ratsa layi yana gyaɗa kai kamar ƙadangare, ya zauna. Da rana Ya Bintu ta turo masa kwanon burabusko, ya ce na gode Mama, ya ci idonsa na kan gilashi. A ganinsa ladabi yake yi, ba ya damun kowa. Ya manta a wane gari yake, kuma a waɗanne shekaru. Mutum shiru-shiru, ba gaisuwa, da baƙar jaka cike da wayoyi? Masu banda suna jera kifi da ido ɗaya, ɗayan yana kansa.

Sai ranar wata Talata aka ga wani ƙunshi a bakin ƙofa ba mai shi. Aka ce bam ne, kasuwa ta watse, manya da rawani suka bar takalma. Dzarma ya tsinci kansa a bakin titi yana haki, babu jaka, hannun tsohuwar a cikin nasa. Ƙunshin dai gasarar koko ce wata ta manta. Aka yi dariya, amma Ba'ana, shugaban layin, bai yi ba. Ya kafa doka: duk mai wuni a kasuwa ba saye ba sayarwa, ya kawo wanda ya san shi ranar Alhamis, ko ya nemi wata inuwar. Kowa ya san mutum ɗaya ne tak dokar ta shafa.

Dzarma ya koma Mairi. Ya sha barin garuruwa ba ko waiwaye, amma wannan karon abin ya tsaya masa a rai. Ya ce wa kansa soket ne. Sai dai duk sanda ya tuna soket, kwanon burabusko yake gani. Ya roƙi tsohuwar ta tsaya masa? Da wane baki? Wata huɗu yana cin abincinta, ya haddace lambobin sirrin intanet na otal biyar, amma bai san sunanta ba. Mama kawai.

Ranar Alhamis bayan azahar aka taru a rumfar Ba'ana. Dzarma ya buɗe kwamfuta, wani Bature mai gemu ya bayyana.

"Baba, ga Simon, yana Kanada. Shekara biyar muna aiki tare."

Ba'ana ya sunkuya ya gaishe da gilashin da Barbarci. "Wushe, wushe. Tambaye shi, ya san ka?"

"Ya ce ya san ni sosai."

"Madalla. Ya faɗa mana, kai dogo ne ko gajere?"

Dzarma ya fassara. Simon ya sosa gemu. Shekara biyar bai taɓa ganin mutumin nan daga ƙirji zuwa ƙasa ba.

"Ya ce... matsakaici."

Jama'a suka dubi Dzarma, wanda ya ranƙwafa don kada kansa ya ɗaga rufin rumfar. Wani mai tarwaɗa ya yi dariya har ya zauna a kwandon maƙwabcinsa. Nan netwok ya ga abin ya isa, ya tsaya, ya bar Simon da baki buɗe.

Ya Bintu ta taso tana gyara lafaya. "Ba'ana, rufe akwatin nan kada ƙuda ya shiga bakin bawan Allah. Ni na san shi."

"Me kika sani, Ya Bintu?"

Dzarma ya cafke sunan ya adana.

"Ba ya gaisuwa. Yana cusa farar tsutsa biyu a kunne yana yi wa gilashi dariya. Sau uku ƙaya tana maƙale masa, ƙato da shi bai iya cin kifi ba. Yana tsoron kyanwata. Ranar Lahadi ba ya zuwa sai rana ta take, yana rera waƙar cocinsu ta hanci, muryar kuma Allah ya kyauta. Ranar gasara, ku jarumai kuka tsallake ni. Shi ya kai ƙofa ya dawo ya ja ni, ya bar jakar a ƙasa. Ka taɓa ganin mai mugun nufi ya bar jakarsa don tsohuwa?"

Ba'ana ya ɗauki jakar, ya buɗe, ya shinshina, ya kau da kai.

"Wannan ba warin sati ɗaya ba ne. Banda ta shiga har cikin zif." Ya dubi Dzarma. "To, ta san ka. Kai ka san ta? Ya sunanta?"

"Ya Bintu, Baba."

"A bakina ka tsinta yanzu, na ga kunnenka ya motsa."

"Bar shi," in ji Ya Bintu. "Gobe zai biya. Daga ƙofa zai fara."

Haka aka yanke. Zai zauna, amma tsutsar kunne tana aljihu sai ya gaishe da layi kaf, kowa da sunansa. Wanda bai san gaisuwar Barebari ba zai ce hukuncin da sauƙi. Ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya yara, ya zafi, ya ƙafar da ta yi ciwo bara, sannan a koma farko don a tabbatar. Rumfa goma sha tara. Ranar farko ya isa soket bayan awa guda da kwata, Turawansa sun gaji da jira. Yanzu sun saba, sun matsar da taron safe, har Simon ya koyi cewa wushe.

Wuta ta dawo gari daga baya, ɗakin Mairi ya samu soket nasa mai aiki. Dzarma bai fasa zuwa kasuwa ba, wai netwok ɗin can ya fi ƙarfi. Ranar da aka gan shi a keke rungume da wata ƙatuwar randa zai kai Mairi, Ya Bintu ta leƙo ta daɗe tana kallo.

"Mai Jaka, wannan ta wane aljihun za ka sa ta?"

"A lungu zan kafa ta, Ya Bintu."

"To a samo mata murfi. Kuma ka biya ta wajen Ba'ana, ya ce yau ba ka tambayi ƙafarsa ba."