Na Zargi Mahaifiyata da Cin Abinci a Ɓoye

Shekaru uku da suka wuce, ni matashi ne da bai daɗe da kammala karatun kimiyyar abinci a jami'ar garinmu Wudil ba, ina zaune a gida ina jiran kiran bautar ƙasa. A lokacin na riƙe magana ɗaya riƙon da ba ya karɓar gyara, wato jiki ba ya tara kitse sai abin da ya shiga cikinsa ya zarce abin da ya ƙona. Kalori muke kiran ma'aunin wannan ƙarfi na abinci, kuma a ganina duk wanda ya yi ƙiba, bakinsa ne ya jawo masa.

A shekarar ne mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta fara yin nauyi. Fuskarta ta cika, gwiwoyinta suka soma ciwo har ta koma yin salla a zaune. Hankalina ya tashi, domin yayarta da ke Lajawa da ƙiba ta fara, sannan ɓarin jikinta ya shanye. Sai na karɓe ragamar abincinta. Malmalar tuwo biyu ta koma ɗaya, na soke furar rana, na ƙayyade manja da cokali. Ta yi dariya ta ce ashe boko har cikin tukunya yake shiga, amma ta bi duk abin da na tsara.

Bayan wata biyu na kai ta kemis ta hau sikeli, sai ga shi ta ƙaru. Na kasa samun natsuwa. Tun da lissafi ba ya ƙarya, na yanke cewa wani ne ke yi mini ƙarya. Akwai ciyayya tsakanin Inna da wata dattijuwa maƙwabciyarmu tun suna amare, kullum kwano ya fita, kwano ya shigo. Na je har ɗakin dattijuwar, na durƙusa na gaishe ta, sannan na roƙe ta ta daina aiko da abinci. Ta tambaye ni ko a jami'ar ne aka koya mini mayar da kwanon da ya girme ni, ta kuma ce kowa ya san matar yayana, da muke zaune gida ɗaya, ita ke cinye abincin. Ban gaskata ta ba. Na dawo gida, a gaban matar yayan nawa, na ce wa mahaifiyata tana ci a bayan idona. Ta sunkuyar da kai ta ce to, ta ji.

Abin da ke cina har yau shi ne alamomin suna gabana. A tsakiyar zafin bazara takan lulluɓa da mayafi mai kauri tana kukan sanyi. Mai kitsonta ta yi maganar gashi na zubewa. Muryarta ta dishe, ga gyangyaɗi tun da hantsi. Duk na tattara su na kira su kasalar ƙiba.

Wata Juma'a da hantsi ta miƙe za ta yi alwala, sai ta yanke jiki ta faɗi. Muka sa ta a adaidaita sahu, cunkoson ranar kasuwa ya tsayar da mu cik a bakin titi. Kanta na bisa cinyata, hannunta sanyi ƙalau, ina kiran sunan Allah ina tambayar kaina ko ni na kashe ta. A asibiti aka ɗebi jininta, muka kwana biyu muna jiran sakamako, ban iya haɗa ido da kowa ba. A nan ne matar yayana ta shaida wa likita, ina tsaye ina ji, cewa tun ranar da na yi zargin nan Inna ke mayar da rabin malmalarta cikin tukunya don in yarda da ita.

Likitan ya ce yunwa ce ta kayar da ita, amma asalin ciwon yana gaban wuyanta. Akwai wata 'yar halitta a wurin mai fitar da sinadarin da ake kira homon, wanda ke daidaita saurin da jiki ke ƙona abinci, kuma tata ta yi rauni. Shi ya sa jikinta ke ƙona kaɗan, yana kuma tara ruwa. Ya ce lissafina ba ƙarya ba ne, sai dai rabinsa na riƙe: na auna abin da ke shiga, na ɗauka abin da ake ƙonawa ba ya sauyawa.

Yanzu tana shan ƙwaya ɗaya kowace safiya, kumburin ya saɓe, ƙarfinta ya dawo. Na nemi gafararta, ta ce ta yafe tun kafin in tambaya. Na koyi cewa ilimin da bai kai ga sauraren mai ciwo ba, guntu ne. Ina kira ga 'yan'uwana masu karatu, idan naku ya rage ci amma nauyi ya ƙi sauka, musamman in ga sanyi da gajiya, ku kai shi a gwada jininsa kafin ku tuhume shi. Magani ya gyara jikin Inna, amma har gobe idan na shigo tana cin abinci, sai na ga hannunta ya tsaya.