Kuɗin Makka ba ya zuwa Faransa

Yayana Labaran bai taɓa faɗuwa da jirgi ba. Na fara da wannan ne saboda masu dogon baki na Djougou, waɗanda har gobe suke cewa tsoro ne ya sauke shi. Ƙarya suke yi.

Shekara bakwai bayan Dahome ta samu 'yancin kai ya karɓi birebensa, wato takardar shaidar tuƙin ƙaramin jirgi, a filin Parakou, inda ya fara da wanke wa Turawa injin. Wani Bature mai kai nama Kwatano ya riƙa ba shi jirgi. Mahauta su yanka da asuba, Yaya ya tashi, ya bi layin dogo da ido har bakin teku. In ya dawo sai ya zago ta kan gidanmu ya karkata fiffike, Inna ta fito da muciya a hannu tana cewa, “Ɗan nan zai kashe ni!” Amma murmushi take yi.

Sai dai birebensa na ido ne. In hadari ya rufe sama, doka ta hana shi tashi, naman ya kwana a ƙasa ya yi wari. Akwai takarda ta biyu, ta tuƙi cikin gajimare da allurorin gaban jirgi kawai. A Faransa ake yin ta, kuɗinta kuwa ya kai na bajimai arba'in. Baturen ya ce masa, “Ko ka kawo ta kafin damina, ko in ɗauko mai ita.”

A gidanmu, tun zamanin fataken goro, duk bayan 'yan shekaru dangi sukan haɗa hannu su kai mutum ɗaya Makka. Shekarar nan kan Yaya abin ya faɗo. Muka je Djougou, inda dangi suka taru, ya durƙusa gaban Baffa Abdulbaƙi, ƙanin mahaifinmu, ina bayan zana ina ji.

“Baffa, a ba ni kuɗin in yi karatun. In na samu aikin, ni zan kai mutum uku.”

“Labaran, wanda ya ba da sisi, Ka'aba ya yi wa niyya. In juya niyyar mutum sittin zuwa garin masu giya?”

“Rance ne, Baffa.”

“Kai da ke yawo a sama kullum, ka rasa hanya? Allah da ya yi gajimare, hutu ya ba ka.”

Aka yi dariya. Ni ban yi ba, har yau ban yi ba. Ba Makka nake wa fushi ba, astagfirullahi. Fushina na kan wanda ya ajiye takarda a ƙetaren teku ya sa mata kuɗin garke, da kuma dangin da suka san ribar goro amma suka kasa ganin ta wannan.

Yaya ya tafi hajji. Kafin ya dawo, wani ɗan saurayin Bature ya hau kujerarsa. Yaya ya koma jan babbar motar shanu, shekara ashirin da shida.

Ranar da ya sauka daga Makka gida ya cika, kowa na tambayar Arfa da Zamzam, yana amsawa. Da aka watse ya jawo ni gefe, ya rage murya.

“Ummuhani, babban jirgin nan ya ratsa hadari da mu. Kin san me ke bisa? Rana, tarwai, kamar ba a taɓa yin ruwa ba. Ni kuwa ina zaune a baya, kusa da ban-ɗaki.”