Shunin Injiniya Zailani

Ranar Laraba, 14 ga Maris, 1979, Allah ya karɓi ran Injiniya Zailani Ubale a gidan mahaifinsa da ke Angwan Iya, nan Keffi, bayan jinyar ciwon hanta. Ina Kano labarin ya same ni, na kamo hanya, amma na tarar an riga an kai shi.

Malam Zailani, ni ne Gamaliel, mutumin Panda, wanda kake tsokana wai Hausata ta fi injinmu ƙara. Ban taɓa rama maka ba, yau kuma ba halin ramawa.

A wata masana'antar tace man gyaɗa muka haɗu a Kano, shekarun da kuɗin fetur ya sa kowa ke kafa inji. Kai ka zana na'urar sanyaya mai, ni nake kula da ita. Doguwar ganga ce cike da bututai, mai mai zafi yana bi ta cikinsu, ruwan sanyi yana ratsa su a gicciye, farantai na ƙarfe suna juya ruwan dama da hagu. Man ya ƙi hucewa, ya yi ta lalacewa. Aka ce ni ne ba na buɗe famfo yadda ya kamata, aka sa ranar korata. A lokacin matata Susana tana da tsohon ciki.

Da ka yi shiru, ba mai zarginka. Sai ka ƙera irin na'urar da gilashi, ka aika marina aka kawo maka shuni. A gaban manaja da Turawansa ka ɗiga shi cikin ruwan. Muna kallo, shunin ya ƙi ratsa bututun, ya silale ta 'yar ratar da ke tsakanin farantai da bangon ganga, ya yi ficewarsa.

Ka ce, "Ranka ya daɗe, na yi lissafi kamar duk ruwan zai bi a gicciye. Na manta ruwa hanya mai sauƙi yake bi. Kuskurena ne, ba hannun Gamaliel a ciki."

Ni aka bari, kai aka sallama. Ka dawo Keffi kana koyar da lissafi, hannunka kullum shuɗi kamar na marini, domin ba ka daina gwajin ba. Duk zuwana gidanka sai ka ja ni bayan ɗaki in ga sabon akwatin gilashi, kana ta bayani har shayi ya huce. Rabin maganar ba na ganewa, amma ina gyaɗa kai. Ko sau ɗaya ba ka tayar da zancen Kano ba. Wallahi na yi rashi, kuma zuciyata ta yi nauyi.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya sa kabarinka ya zama wurin hutawa. Inno, mahaifiyarsa, Allah ya ba ki haƙurin binne ɗa. Husaini da Zubaidatu, Allah ya raya ku a kan halin mahaifinku.

Ke kuma Malama Huraira, na san ke kika kwashe kayanki daga gidan ma'aikata kika dawo ɗaki ɗaya, ba ki taɓa ɗaure mini fuska ba. 'Ya'yana suna ci suna karatu da aikin da mijinki ya bar mini. Duk ranar da naki suka nemi uba, ki aiko gidanmu a Panda, saƙo zai same ni.