Kawu Anya da Alkawarin Shekara Biyar

Daga bakinsa ya samo sunan Kawu Anya. Ko gaishe shi ka yi da fara'ar da ta wuce ta kullum, sai ya sauke tabarau ya ce, "Anya?" Shagon buga takardu gare shi a bakin titi: kwamfuta uku, da firinta mai tari kamar tsohuwa.

Da kwamfutocin suka tsufa har suka daina karɓar sabuntawa, mijin babbar 'yarsa ya zo da shawara. Akwai manhajar da ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, in ji shi, kyauta ce, 'yan sa-kai ke haɗa ta a fili, kowa na iya leƙa cikinta.

"Kyauta? To su me suke ci, iska?"

"Sha'awa ce kawai, Baba. Kuma iri-iri ce. Wata duk bayan wata shida ake sauya mata fasali, wata kuwa sun yi alkawarin kula da ita shekara biyar."

"Kai da na ba ka 'yata ma har yanzu idona na kanka. Ina ofishinsu? In ta lalace, wuyan wa zan shaƙe?"

Suruki ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

Kawu ya ƙi zaɓar guda. Ya sa aka ɗora mai dogon alkawarin a kwamfuta biyu, mai yawan sauyin a ta ukun, wai kada su haɗe masa kai rana ɗaya. Ya kuma shiga dandalin intanet ɗin da 'yan sa-kan ke tattaunawa, yana karanta maganganunsu, yana jiran ranar da asirinsu zai tonu. Da ya ga suna cacar baki kan launin maɓalli, ya ce wa matarsa, "Kin gani ko? An fara."

Wata safiya, bayan sabuntawa, mai alkawarin ta ƙi fitar da ƙ da ɗ, ga wata malamar makaranta tsaye tana jiran takardun jarrabawa. Da ta ukun ya sallame ta, sannan ya zauna ya rubuta musu ƙorafi mai zafi. Washegari wata baƙuwa daga wata ƙasa ta amsa, ta ba da haƙuri, ta turo gyara. Haruffan suka dawo.

Wannan ya fi matsalar damunsa. Ya kira suruki.

"Binciko min matar nan. Me take nema a wurina?"

"Baba, cewa ta yi ku gwada gyara na gaba, ku gaya mata yadda kuka gani."

Ya gwada ɗin, amma sai da ya kwashe takardun mutane daga kwamfutar tukuna.