Halawar Rahila da Man Zafin Kaka

Alhamis: Zuru zuwa Ribah

Na fito daga gida ƙarfe biyar da kwata, gari bai waye ba. A jakata akwai kwalbar halawar da na dafa da sukari da lemun tsami, sai almakashi, hoda da man kaɗanya. Rahila, 'yar ƙanena da ke Wasagu, za a ɗaura mata aure ranar Asabar. Rigar da za ta sa wajen liyafa ba ta da hannu, ga ta da gashin hammata mai kauri, reza kuma ƙuraje take fesa mata. Shekara tara ina wannan sana'a, don haka ni aka kira.

Mota ba ta cika ba sai bakwai saura kwata. A shinge na biyu wani soja ya buɗe jakata, ya ɗaga kwalbar.

"Mama, zuma ce?"

"Halawa ce."

Kafin in hana shi ya lakata ya lasa. "Kai, da daɗi! Da burodi ake ci?"

"Gashin hammata ake tugewa da ita."

Ya rufe kwalbar a hankali, ya ce mu wuce. Duk motar ta kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Muna isa Ribah ƙarfe takwas da minti goma na sa cokali na kwashe inda yatsansa ya taɓa, na zubar, sannan na karya da koko da ƙosai.

Ribah zuwa Wasagu

Daga nan kabu-kabu na hau. Na naɗe kwalbar da jiƙaƙƙen tsumma don kada rana ta narkar da ita. Na ce wa yaron da ke tuƙa babur ɗin ya bi a hankali. Ya ce, "Inna, ƙwai kika ɗauko?" Na ce abin da na ɗauko ya fi ƙwai tsada, ya duba gabansa. Mun sauka sha ɗaya da minti ashirin.

Ƙarfe biyu na fara aiki, bisa tsarina. Na farko, na rage gashin da almakashi har ya koma tsawon ƙwayar shinkafa. Mai kauri in ba a rage shi ba, da fata yake tahowa. Na biyu, wanki da tsanewa. Na uku, hoda. Na huɗu, na shafa halawa kaɗan-kaɗan, na danne fatar da hannu ɗaya, na fizge da ɗayan. Rahila ta ciji bakin zane.

"Gwaggo, mi na yi miki?"

"Ɗaga hannu. Saura ɗayan."

Wurin ya yi ja, kamar yadda ya saba. Na gindaya mata doka: kwana biyu ba turare, ba ruwan zafi, ba sosawa. Sai na tafi cin tuwon dawa.

Ina cikin ci na ji ihu. Na tarar da Kaka, wato mahaifiyar uwar Rahila, riƙe da gwangwanin man zafi, irin wanda take shafa wa gwiwarta. Ta ga jikarta tana wash-wash, ta lafta mata a duka hammata biyu.

"Ai ciwo duk ciwo ne," in ji ta. "Ni shi ke ɗaga ni kullum."

Rahila tana tsaye, hannuwa a shanye kamar mai shirin tashi sama, hawaye na zuba. Ban ga laifin Kaka ba. Amarya na faɗa wa doka, ban faɗa wa tsohuwar gidan ba.

Juma'a: Wasagu

Jiya na goge man da tsumma da sabulu marar ƙamshi, amma da safe wurin ya kumbura, ba ta iya sauke hannu. Uwarta ta fara maganar kai rigar wurin tela a ƙara mata hannu. Rahila ta ce wata uku tana zaɓen ɗinkin nan, gara ta fasa liyafar.

Na ce a ba ni yini ɗaya. Kowace awa biyu ina ɗora tsumma mai ruwan randa na minti goma, in bari ya sha iska, in shafa man kaɗanya sama-sama. Na sa ta ɗaura zane kawai. Aikin fifita kuwa Kaka na ba, gwangwanin kuma yana cikin jakata. La'asar na yi kumburin ya saɓe.

Asabar

An ɗaura aure a coci ƙarfe goma. Wajen liyafa Rahila ta fito da rigarta yadda tela ya ɗinka ta. Ta ɗaga hannu biyu tana rawa, ba ja, ba ƙurji. Kaka ta matso kusa da ni ta ce, "Kin gani? Man nan ya yi aiki." Na miƙa mata gwangwaninta.

Lahadi: komawa

Bayan sujada na hau kabu-kabu sha biyu da rabi, na samu mota a Ribah biyu da kwata. Sojan nan yana shingensa. Da ya gan ni bai taɓa jakata ba. Na shiga gida biyar saura minti goma. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa ƙanena da iyalinsa.

Tsarina ya ƙaru da ɗaya. Yanzu kafin almakashi, tsofaffin gida nake fara tarawa.