Yashin da Ke Ƙarƙashin Gadon Inna

Shekarata ta biyu ke nan a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a a Yelwa, yayana ya shigo da wani gwangwanin madara cike da yashi. Yaya mutum ne da ba ya jin labarin kasuwa ya bar ta ta wuce. Ya taɓa doya, ya taɓa tsofaffin wayoyi, a lokacin kuma ya koma sayen yashin da ke saura idan masu haƙar kuza sun gama wanki. Wai an ce masa akwai ƙarafan nan masu wuyar samu a ciki, waɗanda ake sawa a waya da batir.

"Ki gwada mini a injin nan naku, kada a yi mini wayo," in ji shi, ya tafi masallaci.

Aikina ke nan kullum. Injin yana haska abu da hasken eksire, irin na hoton ƙashi a asibiti, kowane ƙarfe kuma ya mayar da nasa hasken da wani ƙarfi na daban, sai layinsa ya tashi a fuskar kwamfuta. Layukan waɗannan ƙarafa a cunkushe suke kamar fasinjojin keke mai ƙafa uku ranar kasuwa, in saitinka ya goce kaɗan sai ka ba wani sunan wani. Na saita da kyau, na zuba yashin, na jira.

Abin da Yaya yake nema yana nan, har da yawa. Amma can gefe wani layi ya miƙe shi kaɗai, wanda ban so gani ba. Toriyom ne, ƙarfe mai fitar da radiyeshan, wato hasken da ba a gani amma yana cutar da jiki, irin wanda ba a so ƙurarsa ta shiga huhu ko ciki. Na ce injin ne ya rikice, na sake saiti da ƙarfen da muka san ma'auninsa, na sake gwadawa. Sau uku ina yi ina roƙon Allah ya sa ni ce na yi kuskure. Layin bai motsa ba.

Na kira Yaya a waya.

"Yaya, buhu nawa gare ka?"

"Sha ɗaya. An dace ko?"

"Ina ka ajiye su?"

"Ɗakin Inna mana, ƙarƙashin gado da bayan ƙofa. Wane ɓarawo zai shiga ɗakin tsohuwa? Tun bara suna nan."

A ɗakin nan nake barin 'yata kowace safiya kafin in tafi aiki. Shekararta biyu da rabi. Ni da nake kiran kaina ma'aikaciyar kimiyya, kullum sai na ga buhunan, na ɗauka masara ce.

Na ɗauki ƙaramar na'urar da ke yin ƙara idan ta ji radiyeshan, ban ma nemi izini ba, na tare keke. Duk hanya ina lallashin kaina da abin da na karanta: kwana kusa da buhu ba lallai ya yi illa ba, babban haɗarin shi ne shaƙa ko haɗiya. In dai buhunan a ɗaure suke, da sauƙi.

A zaure na'urar tana ɗan ƙyas-ƙyas jefi-jefi. Ina ɗaga labulen ɗakin Inna ta ruɗe da ƙara ba tsayawa. Inna tana kan sallaya da carbi, ta dube ni da mamaki.

"Lafiya kika dawo da rana tsaka?"

'Yata tana zaune a gindin gadon, gefen wani buhu da ɓera ya huda. Ta cika murfin kwano da yashin, ta zuba ruwa, tana tuƙawa da cokali. Da ta gan ni ta yi dariya, ta miƙo mini.

"Umma, ci tuwo."

Na fizge cokalin har ta fashe da kuka. Na buɗe bakinta da yatsa, akwai yashi a harshenta da tsakanin haƙoranta.

"Inna, tun yaushe take wasa da wannan?"

"Ai kullum ne," in ji ta. "Shi kaɗai ke sa ta zauna shiru."