Jirgin Baba a Tabkin Garinmu

Wata Juma'a bayan la'asar, a daminar da na shiga aji uku a lakwal, wato makarantar boko, na tarar da kaina tsugune a cikin kwalekwalen Baba, da ƙwarya a hannu, ruwa yana taɓa min idon sawu. Rabin garinmu, can kusa da Gecheme, ya fito bakin tabki. Ba don son Allah suka zo ba, dariya suka zo yi.

Baba manomin gero ne, ko iyo bai iya ba. Shekarar da ta gabata aka yi ruwa mai yawa, tabkin ya cika har ya ci gonakin gefe, wani Basarke masunci ya zo daga wajen Kabi da jirginsa. Da zai koma, Baba ya ba shi rago guda ya karɓi jirgin. Ba kamun kifi zai yi ba, ba fito ba. Shi dai yana so ya zaga tabki da yamma ya sha iska da iyalinsa. Inna ta ce da shi, "Malam, Ba'are, mutumin tudu, da jirgi? Ai ruwa ba sa'an kwando ba ne." Gari ya ɗauka, har a dandali.

Da rani ya shigo, tabki ya fara ja baya, sai Baba ya yi wa jirgin gatan da ya sani. Ya sa aka ɗauko shi a amalanke, ya ɗora shi bisa duwatsu kusa da rumbu don kada gara ta ci, kamar yadda ake yi wa rumbun kansa. Kullum na gama surfe sai ya sa ni in share shi. Mu da ƙannena a ciki muke wasan ƴar tsana, kaji su yi ƙwai a ƙarƙashi. Ba wanda ya gaya mana cewa katakon jirgi jiƙa yake so. Rana ta gasa shi wata bakwai, allunan suka bushe, suka buɗe baki.

To, ranar nan ke nan da muka mayar da shi ruwa. Inna ta ƙi shiga, ta riƙe ƙannena, ni kaɗai na bi shi. Ba mu yi nisa ba na ga ruwa yana tsattsafowa ta ko'ina. Na buɗe baki zan kwarma ihu, Baba ya ce ƙasa-ƙasa, ba tare da ya dube ni ba, "Ɗiyata, kwarhe ta wancan gehen, kada su gani." Yana tsaye ƙyam da gorarsa ta tuƙi, har yana ɗaga wa mutane hannu.

Wayyo, na kwarfi ruwa ranar nan! In cika ƙwarya, in zubar a hankali ta gefen da babu idon jama'a, in sake cikawa. Kafaɗuna suka ɗau zafi, ina kuka ina kwarfa, ina jin haushinsa, ina kuma tsoron a yi masa dariya fiye da tsoron nutsewa. Muka kai gawon da ke tsakiyar tabki, muka zagaye shi, muka dawo. Da ya sauko, wandonsa jiƙe sharkaf, ya dubi taron ya ce, "Wa ke son shiga?" Ba wanda ya motsa. A hanyar gida ya dafa kaina.

Daga baya ya koyi toshe tsagar da tsumma da kwalta, amma jirgin bai taɓa daina yoyo ba, kuma bai taɓa yarda wani ya riƙe ƙwaryar ba sai ni. Damina biyar muka yi a haka.

Yau tabkin rairayi ya cinye rabinsa, Baba kuma ya daɗe da rasuwa. Bara ƴaƴana suka ɗauke ni yawon shan iska a kogi a Yamai. Da ruwa ya taru a gindin jirgin, sai matuƙin ya danna wani maɓalli, ƙaramin famfo ya zuƙe shi tas ya feso waje, yaran suna tafi. Ni kuwa kewar Baba ta kama ni. Na zauna da hannuwana a cinya, ba wanda yake bukatarsu.